Tazarar gaɓa a jikin kara: gado ne ko gona ce ke jawo shi?

Ummin Baba:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina shekarar ƙarshe a karatun aikin gona, kuma an ba mu aiki kan inganta iri. Malaminmu ya ce kowa ya ɗauki siffa ɗaya ta tsiro ya bi ta a amfanin gona iri uku. Ni na ɗauki tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa a jikin kara. Da na shiga bincike sai na ga waɗanda suka fi kowa yawan maganar wannan siffa su ne masu inganta irin tabar wiwi a ƙasashen da doka ta yarda. Wasunsu na neman gaɓoɓi a matse, wasu na neman su a ware, kowa kuma na cewa nasa ne iri mai kyau. Tambayata biyu ce. Shin wannan tazara gado ce daga iri, ko yanayin gona ne ke kawo ta? Sannan me ya sa a tsiro ɗaya mutane ke neman abu biyu masu karo da juna?

Abban Sadiƙ:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ba na so in sare miki gwiwa, amma don Allah me ya kawo maganar wiwi zauren manoma? Duk tsirran da Allah ya halitta ba ki ga na misali ba sai wannan? Ni ƙanina na biye da ni, yaro mai hazaƙa, a gabana abin nan ya cinye shi. Yau shekara shida ke nan mahaifiyarmu ba ta barci sai ta ji shigowarsa. Idan na ga an rubuta sunan ganyen nan ana cewa "inganta iri", zuciyata tafasa take yi.

Mai Kula da Zaure:
Allah ya ba shi lafiya, Abban Sadiƙ, ya sanyaya zuciyar Hajiya. Bari in ja layi tun yanzu. Noman wiwi laifi ne a Najeriya da Nijar, kuma a Najeriya dokar ta daɗe, tun ta 1966, kafin ma a kafa hukumar NDLEA a 1989. Duk wanda ya kawo maganar yadda ake shukawa, ko inda ake samun iri, zan goge kuma in fitar da shi. Amma tambayar yarinyar nan ta ilimin tsirrai ce, irin wadda ake yi a aji. A amsa mata a wannan iyakar.

Malam Mai Iri:
Madalla da wannan iyaka. Abban Sadiƙ, na ji zafinka, ba kuma zan raina shi ba.

'Yata, fara da raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Tsawon kara lissafi ne: yawan gaɓoɓi sau tazarar da ke tsakaninsu. Tsiro zai iya gajarta don gaɓoɓinsa kaɗan ne, wato ya yi fure da wuri ya daina ƙara sababbi. Zai iya kuma gajarta alhali gaɓoɓin suna nan da yawansu, tazarar ce kawai ta tsuke. A ido duka biyun gajeru ne, amma a wurin mai inganta iri ba su haɗa hanya ba. Na farko maganar lokacin fure ce, na biyu maganar miƙewar kara ce.

Wannan siffa da kika ɗauka kuwa da ita aka buɗe ilimin gado gaba ɗaya. Cikin siffofi bakwai da masanin nan Mendel ya bi a jikin wakensa, aikin da aka buga a 1866, ɗaya ita ce tsawon kara. Ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan farko duk suka fito dogaye, a jikoki kuma ya ƙirga dogaye 787, gajeru 277. Bayan fiye da shekara ɗari aka gano cewa gajeren ba gaɓoɓi ya rasa ba, sinadarin girma ne da ake kira jibarelin bai isa ba, sai tazarar ta ƙi buɗewa. To kin ga amsar rabin tambayarki: e, gado ne. Ɗaya rabin kuma zan bar manoma su fara ba ki, don sun fi ni gani.

Baba Mai Rama:
(Ɗansa ne ke rubutawa, shi yana faɗa.) Baba ya ce a gaya wa yarinyar ta je ta dubi rama, ba sai ta je ƙasar Turawa ba. Ya ce iri ɗaya yake ɗebowa daga ƙwarya ɗaya. Wadda ya yafa a bakin gona a cunkushe, don igiya, takan tashi siririya ta wuce tsawon mutum biyu, ba reshe sai can sama, tsakanin ganye da ganye ya kusa ɗani. Wadda mahaifiyarmu ta jefa a bayan ɗaki jefi-jefi don kwaɗo, ana tsinkar kanta, ita kuma sai ta baje ta yi rassa, ganye kan ganye. Ya ce in ka jiƙa doguwar a kududdufi ka zo saɓe ɓawon, tun daga gindi har sama yake tafiya a tsaye ɗaya. Mai rassa kuwa duk inda reshe ya fito nan ɓawon ke yankewa, sai ka tashi da guntaye, igiyar da aka tufka da su ba ta ɗaure jaki.

Malam Mai Iri:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wallahi ya gama darasin. Kuma ba a banza misalinsa ya dace ba: sunan rama a ilimin tsirrai Hibiscus cannabinus ne, an sa mata shi don ganyen wasu irinta ya yi kama da na wiwi, kuma dukansu daga ɓawon kara ake samun zarensu. Ba dangi ba ne, rama 'yar uwar kuɓewa da yakuwa ce, ba ta sa maye ko kaɗan.

Abin da ke faruwa a cunkoson nan shi ne, ganye yana shanye jan haske, ya bar wani haske da ya zarce ja wanda idonmu ba ya gani ya ratsa. Tsiro yana da abin da yake auna waɗannan biyun da shi. Da ya ji jan ya ragu, ya san akwai maƙwabci, sai ya hana rassa fitowa ya zuba ƙarfinsa a miƙewa don ya riga shi kaiwa ga rana. Tun kafin inuwar ta rufe shi yake farawa. Shi ya sa dawar da ba a rage ba take zama zalan-zalan.

Ɗan Maraɗi a Faransa:
Ina gaida iyaye. Ni na ga abin da idona. Ina karatu a nan, kuma lokacin hutun bara na yi aiki kusa da garin Troyes, a yankin Aube, inda ya fi ko'ina noman wiwin zare a Faransa. Faransa kuwa ita ce kan gaba a Tarayyar Turai a wannan noma. Ranar farko da na tsaya bakin gonar na ɗauka rama ce. Kara siriri kamar yatsa, tsawo ya kai mita uku, fiye da tsiro ɗari a murabba'in mita ɗaya, ba ka iya kutsawa ciki. Na karya ɗaya, cikinsa rami ne, daga gaɓa zuwa gaɓa ya fi ɗanina. Ɓawon suna yin takarda da shi da allunan cikin mota da abin hana sanyi shiga gida, ɓargon cikin kuma a zuba wa dawakai su kwanta a kai, ko a cuɗa da farar ƙasa a yi bango.

Irin da suke shukawa suna da sunaye a rajista, irin su Futura 75 da Fedora 17 da Santhica 27. Dokar Tarayyar Turai ta ce sinadarin da ke sa maye, THC, kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari, da 0.2 ne aka ɗaga a 2023. Jami'ai na zuwa gona su yanki samfur su auna. Manomin da na yi wa aiki dattijo ne mai noman alkama da sha'ir, wannan ɗaya ne kawai cikin abin da yake juyawa a gonarsa.

Ummin Baba:
Na gode yaya. To su waɗanda ke neman gaɓa a matse fa? Daga ina nasu ya samo asali?

Malam Mai Iri:
Daga abin da ake nema a jikin tsiron. Mai zare kara yake so, saboda haka tun ƙarnoni yake ajiye irin wanda ya fi miƙewa ba reshe. Irin Carmagnola na Italiya da Kompolti na Hangari haka aka zaɓo su. Mai neman fure kuwa, ko don magani a inda doka ta yarda ko don ɓarnar da Abban Sadiƙ ke kuka da ita, ya san fure a gaɓa yake fitowa, saboda haka gaɓoɓi da yawa a ɗan wuri yake so. Akwai na uku, mai neman 'ya'yan don mai. Shi gajere yake so don injin girbi ya iya yanka ba tare da zare ya naɗe masa haƙora ba. Finola, wanda aka fitar a ƙasar Finlan a shekarun 1990, irin wannan ne. Amma lura, shi gajartarsa yawanci daga saurin fure take, wato kashin farko na lissafin da na ba ki.

Akwai tarihi a ciki kuma. A shekarun 1970 aka kai irin Afghanistan Amurka, gajere mai faɗin ganye, wanda ya saba da duwatsu da gajeren lokacin noma. Da hukuma ta matsa, masu noman ɓoye suka koma cikin ɗakuna, sai rufin ɗaki ya zama shi ke yanke hukuncin wane iri za a ajiye. Shekara da shekaru ana zaɓen gajere. Kin ga a nan ba ƙasa ko ruwan sama ne suka siffanta tsiron ba, tsoron kamu ne.

Injiniya Kt:
Malam, Allah ya gafarta, ni abin da na karanta ya fi haka sauƙi. An ce iri biyu ne, sativa dogo mai gaɓa a ware, indica gajere mai gaɓa a matse. Shi ke nan. In haka ne ai ba sai an yi dogon bayani ba, suna kawai za a duba.

Malam Mai Iri:
A nan ne ban yarda ba, Injiniya. Masanin tsirrai Linnaeus ya sa sunan Cannabis sativa a 1753 ga wanda Turawa ke nomawa don igiya. Wani masanin, Lamarck, ya kawo Cannabis indica a 1785 ga samfurin da aka kawo masa daga Indiya, wanda siririn ganye ne da shi, ba gajeren nan na Afghanistan da 'yan kasuwa ke kira indica yau ba. Sunan ya sauya mai shi a hanya. Sannan da aka zo ana duba ƙwayoyin gado na irin da ake sayarwa a Kanada da Amurka, an ga sunan da ke jikin kwali bai cika dacewa da abin da ke cikin tsiron ba, don an yi ta cakuɗa su shekara hamsin. Ba na cewa babu bambanci tsakanin na Afghanistan da na ƙasashe masu zafi, akwai. Cewa nake suna ba ma'auni ba ne. Mai inganta iri da gaske igiyar awo yake ɗauka.

Injiniya Kt:
Na karɓi gyara kan tarihin sunan. Amma har yanzu ina ganin in aka shuka na Afghanistan da na Tailan a gona ɗaya, rana ɗaya, ruwa ɗaya, ɗaya zai fi ɗaya tazarar gaɓa. To ai gado ya yi magana.

Malam Mai Iri:
Ƙwarai kuwa, kuma abin da ka faɗa yanzu shi ne ainihin yadda ake gwaji. Gona ɗaya, rana ɗaya, tazarar shuka ɗaya, sannan a maimaita a wata gonar da wata shekarar. Abin da ya tsaya bai canza ba shi ne rabon gado. Inda ake kuskure shi ne mutum ya ga tsiro ɗaya a wuri ɗaya ya yanke hukunci.

Wahalar wannan tsiron ta fi ta alkama. Kamar dabino yake, akwai namiji akwai mace, iska ce ke ɗaukar garin fure. Saboda haka kowane ƙwayar iri da ubansa, kamar gero, ba kamar gyaɗa ko shinkafa da ke barbarar kansu ba. Namijin ma ya fi macen tsawo da buɗaɗɗiyar gaɓa, kuma yakan riga ta mutuwa, abin da ke ɓata wa mai zare girbi. Shi ya sa Faransawa da masana na Hlukhiv a Yukren suka dage wajen fitar da irin da namiji da mace ke jikin tsiro ɗaya. Ko a kara ɗaya tazarar ba ɗaya ba ce: ta gindi gajera, ta tsakiya doguwa, ta sama ta sake tsukewa. Da farko ganyen bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna, in lokacin fure ya gabato sai su koma ɗaya-ɗaya. Dole mai awo ya ce gaɓa ta nawa ya auna, kuma a wane mako.

Ɗan Zangon Kumasi:
Salamu alaikum. Mu nan Ghana maganar ta wuce ta aji. A 2020 majalisa ta yi doka mai lamba 1019 da ta ba da damar lasisin noman wanda bai wuce 0.3 ba don masana'antu da magani. Kotun Ƙoli ta soke sashen a Yulin 2022, ta ce ba a bi ƙa'idar muhawara a majalisa ba, sai majalisa ta sake zartar da shi a 2023. Moroko ma ta yi tata a 2021. Ni ina ganin Najeriya bai kamata a bar ta a baya ba. Ga masaƙu sun mutu a Kaduna da Kano, ga zare na nema.

Abban Sadiƙ:
Ɗan uwa, ka bar wannan magana. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnati suka yi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, miliyan 10.6 daga ciki wiwi ne. Wa zai bi gona-gona yana auna 0.3 ɗin? Ganyen iri ɗaya ne a ido. Mai mugun nufi zai sa nasa a tsakiyar gonar lasisi. Masaƙunmu ba rashin zare ya kashe su ba, auduga muke da ita har muka yi suna da ita, wuta da fasa-ƙwauri ne suka kashe su.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ban musa maka batun sa ido ba, shi ne babban abin tsoro. Amma ɗan uwanmu na Faransa ya ce kara ya sha bamban, dogo ba reshe. Ashe ido ma zai iya rabewa.

Ɗan Maraɗi a Faransa:
A gonar zare da ta girma, e, za ka rabe. Amma da ido kaɗai ba a yanke hukunci ko a nan, sai an kai ɗakin gwaji. Kuma akwai abin da nake so ka sani kafin ka sa rai. Irin Turai da tsawon yinin Turai aka gina shi. A Troyes yini na kaiwa awa 16 a watan Yuni. Tsiron ba ya fure sai yini ya fara gajarta, saboda haka yana samun watanni yana tara gaɓoɓi. A Kano ko Maraɗi yini bai kai awa 13 ba ko a tsakiyar damina. In aka kawo shi wurinmu zai ɗauka kaka ta yi, ya yi fure yana ƙarami, karan da ake taƙama da shi ba zai samu ba. Rama kuwa tamu ce, ta san ranarmu.

Malam Mai Iri:
Ka faɗi gaskiya. Ni ra'ayina a fili yake: in zare muke nema, kuɗin da za a kashe a kan wancan a kashe shi a kan rama da auduga. Ba mu gama da abin da ke hannunmu ba. Buhun da muke zuba amfanin gona a ciki don fitarwa waje, rama na iya yin sa.

Batun tsawon yini kuma ana kan aiki a kansa. A 2022 masana a Jami'ar Cornell ta Amurka sun nuna inda ƙwayar gadon da ke sa wasu iri yin fure ba ruwansu da tsawon yini take. Amma ilimin gadon wannan tsiro yana bayan na hatsi nesa, don haramci ya hana jami'o'i taɓa shi shekaru da yawa. Sai a 2011 aka fara fitar da taswirar ƙwayoyin gadonsa. Dawa kuwa tun 1954 masana biyu na Amurka, Quinby da Karper, suka bayyana ƙwayoyin gado huɗu masu tsuke gaɓarta.

Hajiya Mai Kiwo:
Yauwa Malam, ka zo inda nake jira. Ku bar wiwin nan ku zo kan dawa, nan ne abin ya shafe mu. Shekara uku da suka wuce aka kawo mana wata gajeriyar dawa, aka ce ba ta kwanciya kuma tana ba da buhu da yawa. Gaskiya ta ba da. Amma da rani ya yi, sai na rasa abin ba shanu. Karan bai kai ƙirjina ba, ɗauri goma bai kai ɗauri huɗun Farafara ba. Darnin gidanmu ya faɗi, maigida ya nemi karan da zai gyara babu, sai da muka saya. Ga girki, ga tokar miya, ga rufin rumbu, duk a jikin karan nan muke. Wanda ya fitar da irin hatsi kawai ya auna.

Malam Mai Iri:
Hajiya, wannan ƙorafin naki na ji shi a ƙauyuka fiye da a ƙirga lokacin da nake aiki, kuma kuna da gaskiya.

Ga inda tunanin ya fito. A Japan aka fitar da gajeriyar alkama Norin 10 a 1935. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kai ta Amurka, daga nan ta isa hannun mai inganta iri Norman Borlaug a Meziko. Matsalar da yake fama da ita ita ce, in an zuba wa doguwar alkama taki sai kai ya yi nauyi ta kwanta. Da aka tsuke gaɓar sai ta tsaya, abincin da zai tafi kara ya tafi ƙwaya. Da wannan Indiya da Pakistan suka tsere wa yunwa, shi kuma ya karɓi kyautar Nobel a 1970. Shinkafa ma haka, IR8 da aka fitar a Filifin a 1966. A Amurka dawar da suke nomawa don hatsi kusan duk gajeriya ce don injin girbi. Wannan nasara ta sa wata tsara ta masana ta ɗauka gajarta ita ce ci gaba a ko'ina.

Amma manomin jihar Kansas ta Amurka ba ya yin darni da kara, ba ya kuma shuka wake a ƙarƙashin dawa. Namu yana yi. Ko a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da aka fitar da gajeriyar Kaura, SK 5912, ba a mai da ita wada irin ta Amurka ba, matsakaiciya ce. Yanzu masu aikin dawa a Afirka ta Yamma, har da na ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, suna maganar iri mai amfani biyu, hatsi da abincin dabba, suna kuma kiran manoma, mata da maza, su shiga gonar gwaji su zaɓa da kansu.

Akwai wani abu kuma da ya haɗa dawa da wancan tsiron. Duk abin da ya matsu iska ba ta ratsa shi. Zangarniyar da ta dunƙule, in ta nuna ruwa bai ɗauke ba, fumfuna take yi, alhali ta Farafara a buɗe take tana shan iska. Masu noman wiwi na lasisi a Kanada da Amurka suna fama da irin wannan, furen da ya cunkushe saboda matsattsiyar gaɓa ruɓewa yake daga ciki. Sun tsuke har ya zame musu ciwo.

Manomin Giwa:
Malam, tambaya. Na sayi gajeriyar dawa a leda, amma a gonar sai na ga ɗaiɗaiku sun yi sama sun fi sauran da kamu biyu. Cuta ta aka yi, ko gyauro ne?

Malam Mai Iri:
Zai iya zama gyauron bara, zai iya zama garin furen gonar maƙwabci ya shiga lokacin da ake ninka irin, zai iya zama cakuɗa wurin sussuka. Akwai kuma dalili na huɗu da ba laifin kowa: ɗaya daga ƙwayoyin gadon nan huɗu, wadda ake kira dw3, ba ta zama daram. Lokaci-lokaci takan koma yadda take tun asali, sai tsiron ya miƙe. Ko a Amurka ana ganin dogayen nan tsilli-tsilli a gona. In ɗaya ne nan ɗaya can, kar ka zargi kowa. In kuwa sun yi yawa har gonar ta zama hawa-hawa, irin ne ba shi da tsabta. Kada dai ka ɗebi irin baɗi daga dogayen.

Baba Mai Rama:
Baba ya ce a tuna wa Malam kuturtar gyaɗa. Ya ce shekarar da ta cinye gyaɗa, gajarta duk suka yi suka dunƙule, ba wanda ya ce iri ne mai kyau.

Malam Mai Iri:
Allah ya saka wa Baba, na manta da wannan kuma yana da muhimmanci. 1975 ke nan, annobar da ta karya noman gyaɗa a Arewa. Ƙwayar cuta ce da ƙananan kwarin nan masu tsotso ke yaɗawa, alamarta kuwa gaɓoɓi su tsuke ganye ya taru wuri ɗaya. 'Yata, rubuta wannan a aikinki: bayan gado da yanayi akwai cuta. A 2019 aka tabbatar da wata ƙwayar cuta a gonakin wiwi na lasisi a Kalifoniya, wadda asalinta a jikin tsiron hops, wanda ake sa furensa a giya, aka san ta. Tana tsuke gaɓa, ta sa kara ya yi saurin karyewa, amfani ya ragu. Da yake su da yankan reshe suke yaɗa iri, kamar yadda muke yi da rogo, sai cutar ta bi reshen ta bazu. Ƙarancin sinadarin zinki a ƙasa ma yana tsuke gaɓa. Akasin haka ma akwai: wata cutar shinkafa a Japan da ke sa tsiro ya yi tsawo fiye da kima ya faɗi, a jikinta wani masani mai suna Kurosawa ya gano hanyar da ta kai ga sanin jibarelin a 1926.

Abban Sadiƙ:
Na karanta duka. Ra'ayina kan halatta shi bai canza ba, kuma ba na so a ce zauren nan ya goyi baya. Amma ƙanwata, na ga ba abin da na zata kike nema ba. Ki yi haƙuri da zafin da na fara da shi. In za ki ji shawarata, ki sa dawa da rama a gaba a aikin naki, wancan ya zama na kwatance.

Ummin Baba:
Ba komai yaya, Allah ya ba ƙaninmu lafiya. Haka zan yi: dawa, rama, sai wiwin zare daga abin da aka rubuta kawai. Malam, ina so in yi ɗan gwaji a bayan gidanmu da rama in damina ta sauka. Yaya zan tsara shi?

Malam Mai Iri:
Nemo iri biyu, ɗaya daga wurin masu igiya, ɗaya daga wurin masu sayar da ganye. Kowanne ki shuka shi a cunkushe a wani fegi, a ware a wani, fegi huɗu ke nan, ki maimaita sau uku in wuri ya isa. Kada ki tsinki kan kowanne. Ki bar na gefe, ki zaɓi tsiro goma daga tsakiyar kowane fegi ki ɗaura musu zare. Duk mako biyu ki ƙirga gaɓoɓi, ki auna tsawo, sannan ki auna tazarar gaɓa ta biyar zuwa ta shida daga ƙasa, kullum ita. Ki rubuta ranar da kowanne ya fara fure.

Baba Mai Rama:
Baba ya ce yana da irin ta igiya da ya gada wurin mahaifinsa, jar kara ce. In akwai mai zuwa Zariya daga wajen Funtuwa ranar kasuwa, zai ba da cikin gwangwani ɗaya a kai mata. Ya ce ta kiyaye awaki, don sun fi son ta tana ƙarama.